IDO BA MUDU BA NE: DAGA TASHAR UNGUWA UKU ZUWA TARIHIN ƘERA JIRGIN RUWA

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya adana shi sai ya samu sukuni.

Shekaranjiya da yamma ina tsaye a bakin titin Zariya, daf da tashar Unguwa Uku, ina jiran adaidaita sahu, sai ga wata tirela ta fito daga wajen 'Yan Awaki. An cika ta da shanu, an gitta katako a samansu an jera buhuna, a kan buhunan kuma ga mutane zaune sun fi ashirin, ƙafafunsu na reto. Da ta zo karya kwana, wallahi sai da na runtse ido, don gaba ɗaya bodin ya kwanta gefe guda kafin ya dawo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Allah Ya kiyaye." Na ce amin. Amma har na isa gida tambaya ɗaya ce take min yawo a ka: wa ya san nauyin abin da ke cikin motar nan? Direba bai sani ba. Ɗan kamasho bai sani ba. Wanda ya ƙera bodin ma bai san iya abin da zai iya ɗauka ba. Kowa da ido ya auna.

Wannan tambayar ce dai take dawowa duk lokacin da muka wayi gari da labarin kifewar kwale-kwale. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi ta jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure. A nan gida kuma, ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su je Mauludi. Allah Ya jiƙan su da rahama. Kusan kullum idan hukuma ta yi bayani, kalma ɗaya za ka ji: obalodi. To amma obalodi a kan nawa? Kafin ka ce an wuce iyaka, ai sai an san iyakar. Wa ya lissafa ta, kuma a ina aka rubuta ta?

Shi ya sa nake so yau mu ɗan bi tarihin yadda duniya ta koyi amsa wannan tambayar, tun daga kafinta mai awo da ido har zuwa injiniyan da yake ƙera jirgi cikin kwamfuta kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Na san wani zai ce, "Malam, me ya haɗa Bakano da jirgin ruwa? Mu da ko kogin kirki ba mu da shi." To ka tsaya ka ji. A shekarar 1832 wani ɗan kasuwar Birtaniya mai suna Macgregor Laird ya taso daga Liverpool tare da Richard Lander da wasu jirage masu tafiya da tururi, da nufin shiga kogin Kwara don yin ciniki. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara. Ɗayan kuma ƙarami ne, mai tan 55, an yi jikinsa da ƙarfe maimakon katako, kuma shi ne tarihi ya rubuta a matsayin jirgin ƙarfe na farko da ya yi doguwar tafiya a teku. Ka san sunan da suka sa masa? Alburkah. Kalmarmu ce ta albarka suka ɗauka. Wannan ɗan jirgin, da yake ba ya nutsawa da zurfi, ya shiga Binuwai, ya kuma haura Kwara har Raba ta ƙasar Nufe. Tafiyar kam ba ta yi wa masu ita albarka ba, don cikin Turawa 48 tara ne kawai suka tsira da ransu, zazzaɓi ya kashe galibinsu. Amma ta nuna musu cewa jirgin da aka tsara shi daidai da zurfin kogi zai iya kai su tsakiyar ƙasarmu.

Bayan shekara 75 suka yi amfani da wannan darasin. Titin jirgin ƙasa na farko da ya iso Kano daga Baro aka fara shi, a gaɓar Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard. Ƙarafunan dogon da injinan duk ta ruwa aka haura da su daga bakin teku, kuma sai lokacin da kogi ya cika ne manyan jirage suke iya kaiwa Baro, don haka dole su san watan da ruwa zai tashi da watan da zai janye. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, daga nan aka samu dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata. Yau ma bai canja ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, idan da yawansu aka auna, ta teku suke tafiya. Atamfar Kantin Kwari da kayan Singa da babur ɗin da ka hau, galibinsu sun kwana a cikin jirgi. Riɗi da zoɓon Dawanau kuma jirgi suke nufa. Ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023. Saboda haka Kano da jirgin ruwa tsohuwar alaƙa ce, teku ce kawai ba ma gani.

To mu koma kan awo. Ranar 10 ga Agustan 1628 mutanen birnin Stockholm na ƙasar Suwidin suka taru a bakin ruwa don kallon tashin sabon jirgin yaƙin sarkinsu, Gustav Adolf. Sunan jirgin Vasa, yana ɗauke da igwa 64 ta tagulla a hawa biyu, an yi masa ado na sassaƙa kamar fada. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta ɗan kaɗa shi, ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban kowa. Kimanin mutum 30 suka mutu. Mita 1,300 fa, tafiyar da za ka yi a ƙafa cikin kwata ɗaya na awa.

Waɗanda suka ƙera Vasa gwanaye ne, babbansu ma daga Holan aka ɗauko shi, ƙasar da ta fi kowa iya sana'ar a lokacin. Matsalar ita ce babu wanda ya san yadda ake lissafa tsayuwar jirgi a ruwa. Abin da aka gada shi ake bi, wato jirgi mai tsawo kaza, faɗinsa kaza. Da aka zo yin wanda ya fi abin da hannu ya saba nauyi ta sama, sai gadon ya kasa. Abin takaici kuma, an yi gwaji kafin a tashi: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. A zagaye na uku aka tsayar da su don jirgin ya fara lilo kamar zai kife a nan inda yake ɗaure. Manya sun gani da idonsu, amma sarki yana fagen yaƙi yana ta aiko da takarda a yi sauri, babu wanda ya iya buɗe baki. Da aka yi bincike daga baya ba a hukunta kowa ba. Ka ji kamar a wata ƙasa da muka sani, ko?

A 1961 aka tsamo jirgin kusan lafiyarsa lau, yanzu haka yana gidan tarihi. Cikin abubuwan da aka samu akwai rula huɗu ta ma'aikata. Biyu na awon ƙafar Suwidin ne mai inci 12, biyu na ƙafar Amsterdam mai inci 11. Wato a jirgi ɗaya ana aiki da ma'auni biyu, kuma da aka auna shi aka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da tiyar wata kasuwa ya kai wata ya san abin da nake nufi.

Sai a 1746 wani Bafaranshe, Pierre Bouguer, ya fitar da lissafin da ke nuna ko jirgi zai miƙe idan ya karkata ko zai ci gaba da kwanciya. A taƙaice abu biyu ne suke kokawa. Nauyin jirgi da kayansa yana danna shi ƙasa, ruwa kuma yana tura shi sama. Idan nauyin yana can ƙasa kuma jirgin yana da faɗi, duk sanda ya karkata ruwa zai maido shi. Idan aka tara nauyin a sama, ko mutane suka miƙe tsaye, ko suka ruga gefe ɗaya, sai ƙarfin maidowar ya ƙare. Tirelar Unguwa Uku ma hukuncin da ke kanta ke nan, bambancin kawai ita taya ce take riƙe da ita.

Amma lissafi a littafi daban, aiki da shi daban. A watan Satumban 1870 wani sabon jirgin yaƙin Ingila mai suna Captain ya kife cikin iska da dare, kusan mutum 500 suka hallaka, alhali an yi gargaɗi tun kafin nan cewa gefensa ya yi kusa da ruwa da yawa. A daidai wannan lokacin ne wani injiniya, William Froude, ya gina dogon kwarmin ruwa mai kimanin mita 85 a garin Torquay da kuɗin rundunar ruwa. Yana sassaƙa ƙananan jirage da kakin farafin, ya ja su a ruwa, ya rubuta ƙarfin da aka ja su da shi. Ya gano ƙa'idar da ake aiki da ita har gobe: idan samfurinka kashi ɗaya ne cikin 25 na tsawon jirgin gaske, to ka ja shi da kashi ɗaya cikin 5 na gudunsa, igiyar ruwan da zai tayar za ta yi daidai da ta babban. Daga nan aka fara gwada jirgi tun yana ɗan ƙarami, a yi kuskuren a kan kaki maimakon a kan rayukan mutane.

Wanda ya fi burge ni a tarihin nan kuwa ko injiniya ba shi ba ne. Samuel Plimsoll ɗan majalisar Birtaniya ne. A zamaninsa wasu masu jirage sukan sa wa tsohon jirgi inshora mai tsoka, su labta masa kaya har ya kusa shafewa, su tura shi teku. Idan ya isa sun ci riba, idan ya nutse inshora ta biya. Matuƙin da ya sa hannu sannan ya ƙi shiga irin wannan jirgin, kurkuku ake kai shi. Plimsoll ya fitar da littafi a kan haka a 1873, a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya zazzagi masu hannu a ciki har sai da ya nemi afuwa daga baya, amma jama'ar gari suka goya masa baya. A 1876 aka yi dokar da ta tilasta a zana layi a jikin kowane jirgi, wanda idan ruwa ya rufe shi to an yi obalodi. Da farko wasa aka mai da abin, don mai jirgi ne yake zaɓar inda zai zana layinsa. Sai a 1890 aka ce hukuma ce za ta tsayar da wurin. A 1930 ƙasashe suka yi yarjejeniya a kai, aka sabunta ta a 1966. Yau duk babban jirgin da ka gani a hoto, duba tsakiyar gefensa za ka ga da'ira da layi ya ratsa ta, da wasu layuka a kusa: na ruwan daɗi daban, na ruwan gishiri daban, na hunturu daban, saboda ruwan teku ya fi na kogi nauyi da kimanin kilo 25 a kowace mita kubik, don haka ya fi ɗaga jirgi.

Ka lura da hikimar. An ɗauki lissafi mai wuya an mai da shi layin fenti, yadda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai tsaya a bakin ruwa ya ce, "Wannan jirgin ya wuce ƙa'ida, ba zan shiga ba."

To ina kwamfuta ta shigo? Kafin zuwanta, kowace ma'aikatar ƙera jirgi tana da wani makeken ɗaki wanda a daɓensa ake zana jirgin da girmansa na gaskiya. Mutane a durƙushe da alli da dogayen siraran katako suna lanƙwasa su, suna danne su da dalma, har layin ya fito sumul, sannan a yanki samfurin katako a kai wa masu yankan ƙarfe. Aiki ne na watanni. A farkon shekarun 1960 injiniyoyin Norway suka fito da manhajar Autokon, wadda take mai da siffar jikin jirgi lambobi, a ba injin yanka ya bi da kansa. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna a jami'ar MIT ta Amurka cewa mutum zai iya yin zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A 1971 kuma wata baƙar fata 'yar jihar Arkansas, Raye Montague, wadda aka hana ta karatun injiniya a jiharsu saboda launin fatarta, ta shiga aikin rundunar ruwan Amurka a matsayin mai buga tafireta, ta koyi kwamfuta da kanta, ita ce ta fitar da zanen farko na jirgin yaƙi da kwamfuta cikin awa 18 da minti 26. Aikin da a da yakan ci shekara biyu a takarda. A 1982 AutoCAD ta fito, zane da kwamfuta ya sauko kan teburin ƙaramin ofis.

Yau ana ƙera jirgi sau biyu ne. Na farko a cikin kwamfuta, inda kowane falle na ƙarfe da kowane bututu yake da lamba da nauyi da wurin zamansa. Manhaja za ta tara nauyin duka ta faɗi inda tsakiyarsa take. Za ta kaɗa masa iska da igiyar ruwa ta ƙarya ta ga ko zai miƙe. Za ta huda masa ɗaki ɗaya ta ga ko zai ci gaba da yawo. Za ta nuna inda bututu biyu suka ci karo tun ba a sayo su ba. Sai an gama wannan sannan a aika wa injin yanka, a harhaɗa jirgin gunduwa-gunduwa, a ɗaga da ƙugiya a haɗe. Bayan ya shiga ruwa ma ba a gama ba, na'urori suna auna man da yake sha da jijjigar injinsa suna aikawa ofis. Kuma tun 1 ga Yulin 2016 doka ce ta duniya: ba a ɗora kwantena a jirgi sai an tabbatar da nauyinta a rubuce. Ka ga abin mamaki a nan. Kwantenar riɗin da ta tashi daga Kano, kafin ta hau jirgi a Legas sai an san nauyinta. Amma jirgin da zai ɗauki 'ya'yanmu ya tsallaka da su dam, ba wanda ya ƙirga su.

Kada wani ya ce ai sai wanda ya gada. A 1971 Chung Ju-yung, mai kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu, ya je Landan neman bashin gina ma'aikatar jirage, ba shi da komai sai hoton wani fili a bakin teku a Ulsan da takardar kuɗinsu ta won 500 mai hoton jirgin yaƙin kakanninsa. Ya samu bashin, ya sayi zane daga wata ma'aikata a Scotland, ya tura mutanensa suka koyo, a 1974 suka kammala manyan tankokin mai na farko. Yanzu Sin da Koriya ta Kudu da Jafan su ke ƙera fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen kasuwancin duniya. Mu kuwa mun kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1959, aka rufe shi a 1995. Duk da haka ba a ce babu komai ba: ma'aikatar sojan ruwa da ke Legas ta ƙera jirgin sintiri Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, wanda ya ci sunan kogin nan na ƙasar Katsina, da Oji a 2021. Hannu da kai akwai su.

Sai dai fa in faɗi gaskiya, lissafi ba ya ceton wanda ya ƙi jin sa. Jirgin Joola na ƙasar Senegal a Jamus aka ƙera shi, da zanensa da takardunsa, an kuma san bai kamata ya ɗauki mutum 600 ba. Ranar 26 ga Satumban 2002 ya kife a gaɓar Gambiya, mutum 1,863 suka rasu, fiye da waɗanda suka mutu a Titanic. Lambar tana nan a rubuce, mai tsayawa a kanta ne babu.

Abin da ya sa wannan magana take taɓa ni, a garejin walda na tashi. Kawuna ya fi shekara 30 yana ƙera bodin manyan motoci da tankunan ruwa a nan yankinmu. Ban taɓa ganin sa da takarda ba. Da alli yake zana aikin a ƙasa da girmansa, ya auna da tef, wani lokacin da taƙi da kamu, ya ce a yanka nan. Da na girma na karanta labarin ɗakin zanen Turawa sai da na yi dariya, don abin da Kawu yake yi ke nan. Bambancin shi ne su suna kwafe lambobin a littafi su adana, shi kuwa kafin la'asar ƙafafun yara sun share zanen.

Da idonsa ya yi rauni ya bar wa yaransa garejin, wani ya kawo aikin tankin ruwa na mota, ya ce a ƙara masa tsawo ta sama don ya ci ruwa da yawa. Yaron da ya karɓi aikin ya ƙara, kuma don ya rage kuɗin falle sai ya bar bangayen da Kawu yake sa wa a cikin tanki. Shi a ganinsa ado ne, tunda ba a ganin su. Ba a yi wata biyu ba motar ta faɗi a kwana da rabin tanki, yaron motar ya samu karaya biyu, har yau yana ɗingishi. Waɗannan bangayen su ke hana ruwa ya kwarara gefe ɗaya gaba ɗaya. Duk macen da ta taɓa ɗora ganye ko ƙoƙo a kan ruwan bokiti kafin ta ɗauka ta san wannan ilimin. Shi ne kuma yake kifar da kwale-kwalen da ruwa ya taru a cikinsa ba a kwashe ba.

Na je gaishe shi bayan abin ya faru, ya ce, "Da ya tambaye ni, da na gaya masa." Na ce, "Kawu, da an rubuta fa, ai ko ba ka nan zai gani." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan boko, mu a ka muke rubutu." Allah Ya jiƙan Kawu, da littafinsa aka binne shi.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, kuma ba na raina idon kafintan jirgi na Yawuri ko maƙerin Dakata ko na Panteka a Kaduna. Amma ƙima tana aiki ne a kan abin da ido ya saba gani. Ranar da aka ɗaura wa kwale-kwalen katako inji mai gudu, aka ƙara masa tsawo, aka ɗora masa babura da buhuna, ko aka kai shi dam mai kututturan itatuwa a ƙarƙashi irin na Kainji, to an fita daga abin da kakanni suka gwada. Halin da maƙeran Vasa suka shiga ke nan.

Kuma lissafin nan bai fi ƙarfinmu ba. Bari in ba da misali. A ce shimfiɗar jirgi a daidai inda ruwa ya taɓa shi ta kai murabba'in mita 15. Duk kilo 150 da ka ƙara zai nutsa da santimita ɗaya. Ƙarin mutum 20 masu kilo 60 kowanne kilo 1,200 ke nan, wato santimita 8. Idan da ma abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgin santimita 20 ne, to saura 12, bai kai tsawon wayar da ke hannunka ba. Iska kaɗan ta isa. Akwai kuma gwajin da ake yi wa manyan jirage har yau: a ɗauki nauyin da aka sani, a matsar da shi daga tsakiya zuwa gefe, a auna yadda jirgin ya karkata da zare mai dutse a ƙasa. Buhunan yashi da tef da zare sun isa, wayoyinmu ma suna da ma'aunin karkata. Manhajoji irin su FreeCAD da DELFTship suna da nau'in da ake saukewa kyauta.

Saboda haka ga abin da nake gani, kuma ina so malamanmu na Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Fasaha ta Kano su ji. Duk shekara ɗalibanmu na injiniya suna rubuta furojet ɗin da yake ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. Me zai hana a tura wasu Bagwai da Tiga, su zauna da matuƙa da sarakunan ruwa, su auna kowane jirgi, su shigar da shi kwamfuta, su fitar da adadin mutanen da zai ɗauka, a rubuta da fenti a jikinsa da Hausa, da boko da ajami, a ja masa layi? Wasu kuma su shiga garejin masu ƙera bodi da tanki, su zauna gaban dattawan da suka rage, su mai da abin da ke kansu zane mai lamba tun kafin su bi Kawu. Hukumar NIWA tana da dokokinta na hana tafiyar dare da sa rigar ruwa, amma jami'inta ba zai kasance a kowace mashiga ba. Layin fenti kuwa kullum yana nan, kuma uwa za ta iya duba shi kafin ta sa ɗanta.

Na san matuƙi ba don mugunta yake cika jirgi ba. Kuɗin haya kaɗan ne, mai ya yi tsada, jirgi ɗaya ne mutane da yawa, ga magariba ta gabato kowa yana roƙo a taimaka masa. Idan aka rage masa fasinja ba tare da an ƙara jirage ko an gyara hanyar mota ba, layin zai zama ado. Wannan kuma aikin gwamnati ne, kuma hakkinmu ne mu tambaye ta. Amma ko ita ba za ta san jirage nawa ake buƙata ba sai an ƙirga.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu wanda zai wuce kwanansa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa, addininmu kuma ya tsananta a kan cika mudu da sikeli. Idan akwai injiniya ko ɗalibi ko matuƙin jirgi a cikin masu karanta wannan, ina so in ji ta bakinku, musamman wanda ya san yadda ake tsayar da yawan fasinja a mashigar garinsu. Wanda kuma yake shirye mu je Bagwai da tef da littafi, ya yi min magana, ni zan sa man mota.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare matafiyanmu na ruwa da na tudu.